Tafsirin bana: rediyo, Facebook, YouTube ko WhatsApp, ina kwamitin masallaci zai zuba ɗan abin da ya tara?

Duk shekara da an shiga Sha'aban, zaman kwamitin masallacinmu na bayan Isha'i yakan yi tsawo. Ana gama maganar man janareto da tabarmi da kunun buɗa-baki, sai a iso kan abin da ya fi raba kawuna: ta wace hanya za a kai tafsirin Malam ga waɗanda ba za su samu zuwa ba? Matasa su ce a sayi kyamara a riƙa watsawa kai tsaye a Facebook kamar yadda kowa ke yi. Dattawa su ce a nemi rabin awa a gidan rediyo. Ma'aji kuwa yana gefe da littafinsa a cinya, ya san abin da ke asusu ba zai ɗauki biyun ba. Na yi shekaru ina riƙe da wannan ɓangare a wani masallacin unguwa a nan Jos, kuma na san irin wannan muhawara ake yi daga Rikkos zuwa Anguwar Rogo, daga Gangare zuwa Bukuru. Saboda haka da masallacin unguwa nake, da islamiyya, da ƙaramar ƙungiya. Manyan ƙungiyoyi masu tashoshin tauraron ɗan'adam, nasu lissafin daban ne.

A wani zama wani yaro ya ce ya kamata mu iya tallata majalisinmu. Baba Alhaji, wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, karatun Alƙur'ani ne za a yi wa talla kamar atamfa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba, sanarwa nake nufi." Ni ina ganin dukansu suna da gaskiya. Ladan ma sanarwa yake yi. Amma tsoron da dattijon ke ji yana da tushe, domin na ga majalisan da suka koma kirga mabiya da masu danna alamar so, har aka manta da wanda ake yi domin shi.

To, wa ake yi domin shi? Ga su nan mun san su. Uwargida da ke madafa tun bayan La'asar tana haɗa abin buɗa-baki. Tsohon da sanyin Jos ya kama wa gwiwa, ba ya iya zaman ƙasa na awa guda. Direban keke da ke neman na cefane a daidai lokacin da ake karatu. Mai shago a Katako ko Taminus da ba zai rufe ba. Sai kuma 'ya'yan unguwa da ke Abuja da Legas da Saudiyya, waɗanda ke kewar muryar malaminsu. In ka duba, huɗun farko duk hannunsu na kan aiki ko idonsu ya yi rauni. Kunne suke da shi. Wannan kaɗai ya isa ya sauya yadda kwamiti zai kashe kuɗinsa.

Rediyo shi ne babba a gidan, kuma har yanzu ba a ture shi ba. Iyayenmu ta Rediyon Kaduna suka san tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sultan Bello, da na Sheikh Dahiru Usman Bauchi, alhali da yawansu ba su taɓa taka Kaduna ba. A nan Jos muna da Peace FM ta gidan rediyo da talabijin na jiha, da Highland FM ta gwamnatin tarayya, da masu zaman kansu irin su Unity FM. Alherin rediyo a fili yake: mai sauraro ba ya biyan ko sisi, ƙaramar waya mai tocila tana kamawa, ba ruwansa da data ko ƙarfin sabis, kuma yana shiga ƙauyukan da intanet ke wahala. Akwai kuma kwarjini. Malamin da aka ji a rediyo, jama'a na ɗaukar an tantance shi, domin tasha ba za ta saki abin da zai jawo mata fushin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ba. A gari irin namu, wannan tacewar rahama ce.

Illarsa biyu ce. Ta farko kuɗi. Dokar da ta kafa NBC ta hana a ba ƙungiyar addini lasisin kafa gidan rediyo, don haka sai dai a sayi fili, kuma a azumi kowa lokaci ɗaya yake so, daga bayan La'asar zuwa bayan Tarawihi. Kwana talatin a jere ba ƙaramin nauyi ba ne, galibi sai an samu wani bawan Allah ya ɗauki nauyi. Shekarar da kasuwarsa ta yi ƙasa, shiru za a ji. Ta biyu, abin da rediyo ya faɗa ya wuce. Wanda baƙo ya shigo masa a daidai ayar da yake jira, ya rasa ke nan. Ga kuma yankan lokaci: karatun awa ɗaya da rabi a matse shi cikin minti talatin, sau da yawa ƙarshen bayani ne ke tafiya.

Facebook kai tsaye shi ne abin da matasa ke so, kuma na fahimci dalili. A azumin 2020, lokacin da korona ta sa aka dakatar da tarukan tafsiri, shi ya rufa wa majalisai da yawa asiri: malami da alaramma su zauna su biyu a ɗaki, waya na gabansu, jama'a na bi daga gida. Tun daga nan ya zauna. A can mutanenmu suke, da Hausa suke rubutu, kuma da ɗan unguwa ya yaɗa a shafinsa sai abokansa su gani. Ba a biyan kamfanin komai. Ga wanda ke nesa, ganin cikin masallacin da ya tashi a ciki, da ginshiƙin da mahaifinsa ke jingina, wani abu ne da murya kaɗai ba ta bayarwa. Ban raina wannan ba ko kaɗan.

Sai dai kafin a ɗaga hannu a amince, a san abubuwa uku. Tun daga 19 ga Fabrairun 2025, bidiyon da aka watsa kai tsaye a Facebook kwana 30 kawai yake yi, daga nan a goge shi, sai in an sauke shi an adana. Ma'ana tafsirin ranar farko ta azumi, kafin a gama yawon sallah ya ɓace. Kwamitoci da yawa ba su san da wannan ba, suna zaton suna tara wa jikoki ilimi. Na biyu, sabon shafi ba ya fara watsawa nan take; kamfanin na neman asusun ya kwana 60 da buɗewa, shafin kuma ya samu mabiya 100. Wanda ya tuna da maganar ranar ganin wata ya makara. Na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato nauyin da ake ɗora wa mai kallo.

A yi lissafin a fili. Bidiyo mai matsakaicin kyau, wanda ke jan megabit ɗaya a daƙiƙa, yana cin megabait 450 a awa guda. Zama 29 na awa guda-guda ya haura gigabait 13. Murya zalla kuwa, in an matse ta a kilobit 64 a daƙiƙa, megabait 29 ce a awa, watan gaba ɗaya bai cika gigabait ɗaya ba. In aka sauko kilobit 32, wanda ya ishi muryar mutum ɗaya fes, rabin haka ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Matar da mijinta ke ba ta kuɗin kati sau ɗaya a mako, wanne za ta iya bi har ƙarshen wata? Shi ya sa za ka ga ranar farko masu kallo sun cika, kafin goma ta tsakiya an koma 'yan tsiraru, sai a ce mutane sun yi sanyi. Ba sanyi suka yi ba, data ce ta ƙare.

Kuma kai tsaye ba ya yafiya. Sabis ya yi rawa, hoto ya daskare a tsakiyar aya. An ɗauke wuta, kafin a ta da janareto an yi asarar minti biyar. Ranar 14 ga Maris 2024, huɗu ga azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, aka kwana biyu ana fama a faɗin ƙasa. Wanda ya naɗi karatunsa a na'ura ya tura daga baya. Wanda ya dogara ga kai tsaye kaɗai, na ranar ya tafi.

YouTube ba dandalin hira ba ne a wurin mutanenmu, rumbu ne, kuma a matsayin rumbu babu kamarsa cikin waɗannan. Abin da ka ɗora yana nan, ana iya jera shi sura bayan sura, shekara bayan shekara, kuma mai neman tafsirin Suratul Kahfi da Hausa zai iya faɗowa kanka ko bai taɓa jin sunan unguwarku ba. Wanda aka watsa kai tsaye ma yana ajiye kansa matuƙar bai kai awa 12 ba. Sharuɗɗansa masu sauƙi ne: a tabbatar da tashar da lambar waya kafin a iya ɗora abin da ya wuce minti 15, a samu mabiya 50 kafin watsawa kai tsaye daga waya, kuma karon farko ana iya jiran awa 24 kafin a buɗe. Ba ya karɓar murya tsirara, sai an lulluɓe ta da hoto, amma hoto ɗaya tak mai sunan sura da kwanan wata ya wadatar.

Inda yake da matsala, kamfanin na da ikon sa talla a kan bidiyonka ko ba ka nema ba, kuma ba kai ke zaɓar wace talla ba. Mutum ya buɗe karatu da alwalarsa, a fara nuna masa abin da zai sa ya kau da kai. Sannan a waya, in ba ka biyan kuɗin wata, da ka kashe fuskar wayar sauti ya tsaya, don haka direban keke ba zai jefa ta aljihu ya ci gaba da ji ba. Masu cewa tashar za ta riƙa kawo wa masallaci kuɗi kuma su sassauta buri. Rabon kuɗin talla sai an kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma ko an kai, abin da masu kallo daga Najeriya ke kawowa ba mai yawa ba ne. Kada a sa shi a kasafi.

Yanzu ga wanda nake ganin ya fi dacewa da mu, duk da ba shi da ƙyalli: WhatsApp. Babu gidan da ke da babbar waya a unguwarmu da ba a amfani da shi. Ana idar da karatu, a gyara sautin, kafin a sha ruwa ko bayan Tarawihi ya shiga wayoyi. A sauke sau ɗaya, a ji sau goma, a tura wa ƙanwa da ke aure a Bauchi. Wanda ba shi da data, maƙwabci ya tura masa ta Xender ko Bluetooth, ko a kai memori wurin masu tura karatu a kasuwa. Wannan ita ce tsohuwar hanyar kaset ta dawo da sabuwar riga. Izala da aka kafa a garin nan a 1978, kaset na cikin abin da ya kai wa'azinta lungu-lungu. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya rasu tun 2007, amma yau yaran da ba a haifa ba a lokacin suna jin tafsirinsa, saboda wasu sun naɗi muryar da kyau sun adana.

Amma WhatsApp ɗin ma kashi-kashi ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Guruf yana ɗaukar mutum 1,024, sai dai kowa na ganin lambar kowa. Na san matan aure da suka fice daga guruf ɗin karatu saboda wani marar tarbiyya ya kwashi lambobi ya fara sallama da dare. In za a yi guruf, a raba na mata, mace ta riƙe shi, kuma a kulle yadda masu kula kaɗai ke turawa. In ba haka ba, kafin mako ya zagayo tallan turare da jita-jitar siyasa sun binne karatun. Akwai jerin turawa na mutum 256, wanda saƙo ke zuwa wa kowa shi kaɗai, amma sai wanda ya adana lambarku zai samu. Sai tashar WhatsApp (Channel), wadda aka fito da ita a 2023: ba a ganin lambar mabiya, ba a mayar da martani, ta dace da sanarwa da tura mahaɗin karatu, amma ita ma kwana 30 take riƙe abu. Gaba ɗaya dai WhatsApp hanya ce, ba ma'ajiya ba. Waya ta cika, a goge. Waya ta faɗa ruwa, shi ke nan.

Telegram ya fi shi iya ajiya, sabon shiga yana ganin duk abin da aka ɗora tun farko, kuma ɗaliban ilimi sun san shi. Amma iyayenmu mata ba sa can. Ya zama na biyu ga mai hali.

TikTok kuwa ina jin tsoronsa, kuma zan faɗi dalili. Gaskiya ne babu inda ya kai shi saurin kai magana ga matasan da ba sa zuwa majalisi. Amma abincinsa guntun magana ne, kuma guntun da ya fi zafi shi ya fi tafiya. Malami ya yi minti ashirin yana warware mas'ala, a yanko daƙiƙa arba'in inda ya kawo maganar da yake shirin rushewa, a sake ta haka. Mu da muka ga rikice-rikicen Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 mun san abin da magana marar kai ke iya haifarwa a garin nan. In za a shiga, kwamiti ya buɗe nasa da kansa, kada a saki guntu sai Malam ko wani babban ɗalibinsa ya saurara, kuma kowane guntu ya nuna inda cikakken karatun yake. Amfanin cikakken rumbu ke nan ma: ranar da wani ya yanke maganar malaminku don ya haɗa faɗa, kuna da asalin da za ku nuna.

Duk wanda aka zaɓa cikin waɗannan, abu ɗaya ne ke raya shi ko ya kashe shi, wato sauti. Yawancin abin da ake watsawa daga masallatanmu, waya ce aka kafa a sahu na uku tana ɗaukar abin da lasifika ta fesa, haɗe da amsa-kuwwar bango da ƙugin fanka da tarin jama'a da janareto a bayan taga. Jan baƙin alaramma ya fashe, fassarar Malam ta nutse. Wanda ya nuna mini mafita wani abokina ne Kirista tun na makaranta, da ke kula da na'urorin cocinsu inda ake sujada da Hausa. Su ma wannan ciwon kan suke da shi, kuma da yake hedikwatar cocin COCIN da ta ECWA duk a Jos suke, sun daɗe a harkar. Ya zo ya duba amfilifayarmu ya ce, "Malam, ga ramin fitar sauti nan a baya ba ku taɓa amfani da shi ba." Kebul ɗaya da 'yar na'urar da ke shigar da sauti cikin waya, sai soso a kan makirufo saboda iskar hunturu. Da muka saurari gwajin farko, har numfashin alaramma kafin ya ja aya ana ji. Kuɗin bai kai kusa da na kyamara ba.

Sai maganar mallaka, wadda mu sai da muka ƙone muka koya. Shafinmu na farko wani yaron kirki ne ya buɗe da lambarsa da imel ɗinsa. Ya tafi bautar ƙasa, aka sace wayar a mota, layin kuma ba da sunansa aka yi rajista ba. Karatun shekara biyu da mabiyan da aka tara, har yau muna ganin shafin amma ba mu da mabuɗinsa. Yanzu layin masallaci daban yake, mutum uku ne masu kula da kowane shafi, an kunna matakin tsaro na biyu, lambobin sirri kuma suna rubuce cikin ambulan a wurin Liman. Kowace Juma'a ana kwafe karatun mako a faifan ajiya guda biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan ma'aji. Kamfanonin nan ba namu ba ne. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya.

Tallan da ake biya a Facebook fa? Sau ɗaya a shekara yana da amfani, mako guda kafin azumi, don sanar da wuri da lokaci da surar da za a tashi a kai. Ana iya iyakance shi ga mazauna Jos da kewaye da masu jin Hausa, amma tun 2022 kamfanin ya cire zaɓen mutane ta addininsu, kuma akwai harajin kashi 7.5 a kai. Ban ga hikimar biya don a ƙara yawan mabiya ba. Sanarwar Liman bayan sallar Juma'a, da takarda a ƙofar masallaci mai ɗauke da lambar da za a tura wa saƙo, da malaman islamiyya su faɗa wa ɗalibai su kai gida, sun fi kawo mutanen da za su zauna har ƙarshen wata.

Ga yadda zan ba kwamiti shawara gwargwadon aljihunsa. In abin hannu kaɗan ne, a sayi kebul da na'urar sauti da batirin caji, a naɗi murya, a raba ta WhatsApp kullum, a ɗora a YouTube da hoto ɗaya ko da sau ɗaya a mako ne inda aka samu intanet mai arha. In da ɗan sarari, a ƙara kai tsaye a Facebook saboda 'yan unguwa na nesa, da sharaɗin sautin daga amfilifaya yake zuwa, ana kuma naɗa a gefe, a sauke bidiyon kafin kwana 30. In Allah ya kawo mai ɗaukar nauyin rediyo, a karɓa hannu biyu, amma a roƙe shi ya bari a ware kaɗan daga ciki don kayan naɗi, domin sautin da za a kai tashar ma daga nan zai fito. Kyamara ita ce ta ƙarshe a layi.

Kafin wata ya tsaya da mako biyu, mukan naɗi karatun Malam na tsakanin Magariba da Isha'i a matsayin gwaji. Ba a kwamfuta muke saurara ba. Nakan tura shi a ƙaramar wayar Inna, maƙwabciyarmu da ta haura saba'in, in tsaya daga bakin ƙofar madafa tana aikinta, murhu na ci, yara na kai da kawowa. Bara da na tambaye ta, "Inna, kina ji kuwa?" sai ta ce alaramma ya fito, amma Malam kamar yana cikin rijiya. Muka koma muka matso masa da makirufo, muka rage na alaramma, muka sake kawo mata washegari.